Tayim Ɗin Daji: Me Ke Cikinsa, Kuma Ina Ƙarfinsa Ya Tsaya?

Na tabbata idan kika duba inda kike ajiye kayan ƙamshinki na girki, ba za a rasa 'yar robar nan ta tayim ba, wadda ake rubuta Thyme a jikinta, tana nan kusa da ƙawarta ta kori. Kullum sai kin barbaɗa shi a dafa-duka ko a tafasar kaza, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin ɗanyen ganyensa ba, balle mu san daga wace ƙasa ya fito. To, 'yan shekarun nan sai ga shi ya dawo mana cikin wata sabuwar riga. Ana zuba mansa a 'yan ƙananan kwalabe, wani lokaci a ce man tayim ɗin daji, wani lokaci a ce man za'atar, ana kuma turo saƙonni ta waya cewa bincike ya tabbatar yana maganin tari da hawan jini da sanyin mata, kai har da sankarar mama.

Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma wannan ne ma ya sa take da haɗari. Ganyen nan yana da magani a cikinsa, masana sun fara ware sinadaransa tun shekaru 300 da suka wuce. Sai dai tsakanin shayin da za ki haɗa da cokali guda na ganyen da kuma man da ke cikin kwalbar nan akwai tazara mai nisa, irin wadda ke tsakanin ɗumin hantsi da garwashin wuta. Uwar da ba ta san wannan bambanci ba tana iya cutar da ɗanta da hannunta, alhali sauƙi take nema masa.

Wane ne tayim ɗin daji?

Tayim sunan gida ne, ba sunan mutum ɗaya ba. Gidan nan yana da 'ya'ya fiye da 300, kuma danginsu ɗaya da na'a-na'a da daɗɗoya. Wanda ke cikin robarki shi ne na lambu, masana tsirrai na kiransa Thymus vulgaris, asalinsa daga tsaunukan kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya, ɗan guntun tsiro ne mai tsayuwa da ƙafarsa. Shi kuwa na daji, wato Thymus serpyllum, ba ya tsayuwa. Rarrafe yake yi a ƙasa yana shimfiɗuwa kamar darduma, tsawonsa bai cika wuce ɗan yatsa ba, ganyensa kuma bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yana son ƙasa mai rairayi da gefen duwatsu a tsakiya da arewacin Turai, kuma idan lokacin zafinsu ya zo, daga watan Yuni zuwa Agusta, sai ya rufe ƙasa da furanni masu launin shunayya mai haske, ƙudan zuma su yi ta shawagi a kansa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya rubuta masa wannan suna a 1753, kuma kalmar ta samo asali ne daga harshen Girkanci, ma'anarta mai rarrafe.

Mutanen ƙasar Sabiya da maƙwabtansu suna kiransa da wani suna mai daɗi, wanda idan aka fassara shi zai ba da "ɗan ran uwa". Ba mamaki, domin a can ganye ne na iyaye mata. Su ke tsinko shi a kan tudu idan ya yi fure, su shanya a inuwa, su adana saboda tarin lokacin sanyi.

Amma fa a kula, ba duk abin da aka kira tayim ɗin daji ba ne wannan tsiron. Idan kin taɓa cin gurasar nan ta Larabawa da ake shafa wa man zaitun da garin za'atar, ko a ƙasa mai tsarki ko a shagunan 'yan Labanan, to ganyen da ke cikin garin galibi wani tsiro ne daban mai suna Origanum syriacum, wanda ke fitowa a tsaunukan Falasɗinu da Labanan da Siriya da Jodan. Ana haɗa shi da riɗi da gishiri da wani jan gari mai tsami da suke kira summaƙ, kuma al'adar iyayen can ce su ba yara shi da safe ranar jarrabawa, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Idan an zo fassara za'atar zuwa Turanci sai a ce tayim ɗin daji, nan ruɗanin ya samo asali. Mutanen Habasha ma suna da nasu a kan tsaunuka, suna kiransa tosin, suna sa shi a shayi. Wannan ruɗani tsoho ne. Ibn al-Baiɗar, masanin magungunan tsirrai ɗan Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, da ya zo kan za'atar a babban littafinsa na magunguna, abin da ya fara nunawa shi ne cewa iri-iri ne, akwai na jeji, akwai na lambu, akwai na dutse. Saboda haka duk wanda ya miƙo maki kwalba ya ce tayim ɗin daji ne, tambayar farko ita ce: wanne daga ciki?

Abin da ke cikin ganyen

Idan kika murza ganyen tayim tsakanin yatsunki, ƙamshin da zai taso daga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙuraje ne da ke jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani sosai. Kowane ɗaya cike yake da wani mai mai saurin bin iska. Tsiron ba don mu yake yin wannan man ba, makaminsa ne na kare kai daga ƙwari da dabbobi masu kiwo da ƙwayoyin cuta.

A cikin man akwai sinadarai da dama, amma biyu ne suka yi suna: timol da karbakurol. Tagwaye ne, kayan da aka gina su da shi iri ɗaya ne, tsarin zamansu kawai ya ɗan bambanta. Wani masanin haɗa magunguna Bajamushe mai suna Caspar Neumann ne ya fara ware timol daga man tayim a 1719. Ya same shi fararen ƙwayoyi kamar kafur. Timol yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 50, kuma ba ya shiri da ruwa, domin lita guda ta ruwa ba ta iya narkar da ko giram ɗaya cikakke. Amma a cikin mai ko barasa, nan da nan yake narkewa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda timol ke kashe ƙwayar cuta abu ne mai sauƙin fahimta. Kowace ƙwayar cuta tana lulluɓe da 'yar fata siririya mai maiƙo. Shi kuwa timol mai son maiƙo ne, sai ya kutsa cikin fatar ya ɓata ta, abin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye, kamar dai salkar da aka huda. To amma ƙwayoyin halittar jikinmu ma irin wannan fatar gare su. Timol ba ya tambayar wane ne maƙiyi wane ne mai gida. Idan ya yi yawa, yadda ya huda fatar ƙwayar cuta haka zai ƙona harshe da maƙogwaro da fatar jariri.

Bayan tagwayen nan akwai wasu masu sanyin hali, irin su linalul da jeraniyol masu ƙamshin fure, da borniyol mai ƙamshin kafur. Sannan akwai wani rukuni da ba ya bin iska kwata-kwata, ba ya kuma shiga cikin man. A cikinsa akwai sinadarin rosmarinik, da dangin filabonoyid irin su lutiyolin da afijenin, da kuma tanin, wanda shi ke sa baki ya ɗaure kamar idan kin ci goro. Waɗannan su ne ke fitowa sosai a ruwan zafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sha'anin wannan tsiro shi ne, iri ɗaya, kama ɗaya, amma abin da ke ciki daban. A 1973 masu bincike a kudancin Faransa suka nuna cewa tayim ɗin da ke fitowa da kansa a tsaunukan yankin birnin Montpellier kashi shida ne ta fuskar sinadari. Ido ba zai raba su ba, sai hanci ko na'ura. Wani timol ne ya cika shi, wani karbakurol, wani kuwa linalul ne ko jeraniyol, ba shi da yajin nan ko kaɗan. Daga baya aka lura cewa masu timol da karbakurol sun fi yawa a gangaren da ke shan rana da fari, su kuwa masu sanyin ƙamshi sun fi yawa a cikin kwari, inda jaura ke tsananta har ruwa ya daskare.

Na daji mai rarrafe ma haka yake, har ya fi. A wani bincike da aka buga a 2004, masana a ƙasar Estoniya sun tattaro shi daga wurare daban-daban na ƙasarsu suka tace mansa, sai suka tarar timol da karbakurol ba su ne manyan sinadaransa ba, wasu ne daban suka mamaye. Wato kina iya sayen tayim ɗin daji na ainihi, ba jabu ba, amma sinadarin da ake yi maki tallarsa kusan babu shi a ciki. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ma ya san da wannan rata. Ya shar'anta cewa kilo guda na busasshen tayim ɗin lambu ya ba da aƙalla mililita 12 na mai kafin a karɓe shi a matsayin magani, wato cokalin shayi biyu da ɗoriya. Na daji kuwa mililita 3 kacal aka nema daga gare shi. Ashe ke nan kalmar "daji" da ke sa mu ji kamar ya fi ƙarfi, a nan akasin haka take nufi, na lambun da ke kicin ɗinki ya fi shi mai.

Shayi daban, tsimi daban, mai daban

Hanya uku ake bi a fitar da amfanin ganyen, kuma kowace abin da take ɗebowa daban. Ta farko ruwan zafi, wato shayi. Tun da timol ba ya son ruwa, kaɗan ne daga cikinsa ke shiga kofin, sauran abin da ke ciki su rosmarinik ne da tanin. Shi ya sa shayin yake da sauƙi a jiki. Ta biyu tsimi, inda kamfanonin magani ke jiƙa ganyen a ruwa mai haɗe da barasa ko gilisarin domin ya ja sinadaran da yawa, da shi ake yin maganin tari na ruwa. A nan ya kamata ki san cewa wasu daga cikin irin waɗannan magunguna na Turai suna ɗauke da ɗan barasa, kuma ana rubuta adadinsa a jikin kwali, sai ki duba ko ki tambayi mai kemis.

Ta uku ita ce tacewa da tururi. Ana cika babbar tukunya da ganye, a tura tururi ya ratsa shi, tururin ya kwashi man ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwalfe shi. 'Yar kwalbar nan mai mililita 10 sai an tace wajen rabin kilo na busasshen ganye, ko ma fiye, kafin a cika ta. Shayi kofi guda kuwa giram 1 zuwa 2 yake ci. Ki yi lissafi da kanki, man ganyen ɗaruruwan kofuna ne aka dunƙule a cikin abin da bai fi babban yatsanki ba.

Tarihi ya riga ya nuna mana abin da tsantsar timol ke yi a cikin mutum, mai kyau da marar kyau. A wajajen 1880, lokacin da ake haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin dutsen Gotthard a Suwizalan, wata tsutsar ciki mai shan jini ta addabi leburori, suka yi ta rama suna mutuwa. Wani likita a birnin Turin na Italiya, Camillo Bozzolo, ya nuna cewa timol na kashe tsutsar. Daga nan maganin ya bazu. A 1909 attajirin nan na Amurka, John D. Rockefeller, ya ba da dala miliyan ɗaya aka kafa hukumar yaƙi da wannan tsutsa a kudancin ƙasar, kuma kafin ƙarshen 1914 an ba fiye da mutum 400,000 magani, timol ne da gishirin wankin ciki. Ya yi aiki. Amma sai da sharaɗi mai tsanani: ranar shan maganin ba a cin mai, ba a cin kitse, ba a shan madara ko barasa. Dalili kuwa shi ne abin da na ce ki riƙe ɗazu. Idan timol ya sami maiƙo a ciki sai ya narke ya shiga jini, mutum ya kama jiri da amai, wani ya suma, akwai ma waɗanda suka rasa rayukansu. Da aka sami magungunan da suka fi shi aminci sai likitoci suka ajiye shi, yau ƙwayar albendazol ake bayarwa. To ki duba wannan, sannan ki tuna da masu cewa a ɗiga man tayim a cokalin man zaitun a ba yaro ya sha.

Inda timol ya ci gaba da zama lafiya shi ne inda aka tsinka shi ƙwarai, kuma ba haɗiyewa ake yi ba. Ruwan kurkure bakin nan Listerine, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1879, yana ɗauke da timol har yau, amma bai kai kashi 1 cikin 1,000 na ruwan ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin, tare da abokan haɗinsa uku, ya isa ya rage ƙwayoyin da ke kawo kumburin dasashi. Masu kiwon zuma ma suna sa timol a cikin amya domin kashe wani ƙwaro da ke maƙale wa ƙudan zuma.

Me aka gwada a jikin mutum?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki riƙa yi duk lokacin da aka ce maki "bincike ya nuna". A kan me aka gwada? A faranti, ko a ɓera, ko a mutum?

Inda tayim ya fi samun shaida shi ne tarin mura mai kaki. Kwamitin masana da hukumomin lafiya na Jamus suka kafa a 1978 domin tantance magungunan tsirrai ya amince da na daji wajen mura da majinar da ke toshe hanyar numfashi ta sama, ya ƙayyade giram 4 zuwa 6 na ganyen a yini ga babba. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ita ma ta karɓi na lambu a matsayin maganin gargajiya mai taimakawa wajen fitar da kaki, bisa la'akari da daɗewar da aka yi ana amfani da shi. Sannan a 2006 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus da manya 361 masu tarin ƙirji na 'yan kwanaki. An raba su biyu, rabi aka ba su maganin ruwa na tayim haɗe da wani ganye mai hawa bango da ake kira aibi, rabi kuma aka ba su ruwan zaƙi mai kama da shi wanda ba magani a ciki, ba tare da kowa ya san wanne yake sha ba. Zuwa kwana na 7 zuwa na 9, yawan sarƙewar tari ya ragu da kusan kashi 69 cikin 100 ga masu shan maganin, ya ragu da kusan kashi 48 ga ɗaya ɓangaren. Masu shan maganin sun riga sauran samun sauƙi da kamar kwana biyu.

Kwana biyu ba abin rainawa ba ne ga wadda tari ya hana barci. Amma ki lura da abubuwan da ke cikin wannan labari. Waɗanda ba su sha komai ba sai ruwan zaƙi, su ma tarinsu ya ragu kusan rabi, domin irin wannan tari da kansa yake tafiya. Tayim ɗin lambu aka yi amfani da shi, ba na daji ba. Haɗi ne na ganye biyu da aka auna a masana'anta. Kuma manya aka gwada, ba jarirai ba.

Sauran maganganun kuwa, yawancinsu ba su kai ga mutum ba. Batun hawan jini ya samo tushe daga gwaje-gwaje irin wanda aka yi a Sabiya a 2013, inda aka yi wa ɓeraye masu hawan jini allurar ruwan tayim ɗin daji a jijiya, jininsu ya sauka. Ɓera ne, kuma allura ce, ba shayi ba. Idan maigida ko Hajiya na shan ƙwayar hawan jini, kada a ajiye ta saboda wannan. Batun sankara kuma, a 2012 masu bincike a Turkiyya sun zuba tsimin ganyen a kan ƙwayoyin sankarar mama da ake renonsu a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, ƙwayoyin suka mutu. Abin sha'awa ne ga masana, domin daga irin haka ake fara neman sabon magani. Sai dai abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar sankara a faranti, har da ruwan bilic, kuma mafi yawansu ba sa zama magani. 'Yar'uwa, idan kin ji ƙullutu a mamanki, watannin da za ki ɓata kina shafa mai su ne watannin da likita ya fi buƙata.

Ciwon mara na al'ada ya ɗan fi waɗannan samun madogara. A Iran an buga wani ƙaramin gwaji a 2014 da ɗalibai mata 84, inda man tayim da aka tsinka sosai ya rage ciwon kusan yadda ibufurofen ya rage. Gwaji ne ƙarami, bai isa a gina hukunci a kansa ba, amma kofin shayin tayim mai ɗumi a irin waɗannan kwanaki ba zai cutar da mai lafiya ba.

Akwai wata magana da sai mu ya mu. Gaskiya ne timol na kashe ƙwayar da ke kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri ga mata, amma a faranti. Kada wannan ya sa ki yi matsi da man tayim ko ki ɗiga shi a ruwan tsarki. Fatar wurin ta fi ta cikin baki laushi, man zai ƙona ta, ya kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin, ki fito da ciwo biyu maimakon ɗaya. Abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta, wasu ma sai an haɗa da maigida a sha.

Idan za ki yi shayinsa

Na cikin robarki ya wadatar, ba sai kin nemi na daji ba, in dai tsantsar ganye ne ba a gauraya shi da gishiri ko sinadarin ɗanɗano ba. Ki murza kaɗan ki shinshina. Idan ba ƙamshi, man ya riga ya gudu, ƙaiƙayi kawai ya rage. Shi ya sa ya fi kyau ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan, ki rufe shi ruf, ki nisanta shi da murhu da hasken rana.

Ki zuba cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kofi, ki kwarara tafasasshen ruwa kamar mililita 150, ki rufe kofin da faranti na minti 10. Rufewar nan ita ce sirrin, in ba haka ba ɗan man da ke ciki zai bi tururi ya tafi, kuma saboda wannan dalilin ne ba a tafasa shi a kan wuta. Ki tace, ki sa zuma idan kina so. Babba na iya shan kofi uku zuwa huɗu a yini. Idan ya huce ana iya kurkure maƙogwaro da shi.

Hukumar ta Turai ba ta ba da shawarar wannan shayin ga yaran da ba su kai shekara 12 ba, haka ma mai juna biyu da mai shayarwa, saboda ba a yi gwajin da zai tabbatar da amincinsa gare su ba. Wannan bai shafi ɗan barbaɗen da kike yi a girki ba, shi ba komai. Wadda na'a-na'a ko daɗɗoya ke sa wa ƙaiƙayi ko borin jini, ta guji tayim ma, tun da dangi ɗaya ne. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Shi kuwa man kwalba, ba a sha, ba a shafa shi tsurarsa, ba a kusantar da shi ga hanci ko fuskar ƙaramin yaro domin yana iya shaƙe masa numfashi, kuma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kai. Sirace da tafasasshen ruwa ma ba na yara ba ne, ƙunar da yake jawowa ta fi amfaninsa.

Tarin da shayi ke yi wa amfani shi ne na mura, irin wanda hazon hunturu ke tayarwa. Idan babba ya yi mako guda yana sha ba sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ko numfashi ya yi wuya, ko kaki ya koma kamar ruwan ƙurji ko ya zo da jini, to maganar ta wuce kicin. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ga yaro kuwa, ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ne ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, wannan alamar limoniya ce. A daren nan za a tafi asibiti, ba sai gari ya waye ba.

Tayim ɗin daji ba ya fitowa a dajinmu, zafinmu da irin daminarmu ba nasa ba ne. Amma timol bai tsaya a Turai ba. Daɗɗoyar nan mai manyan ganye da muke sa wa farfesu, wadda Yarabawa ke kira efinrin, ita ma tana da irin halin nan na kama ɗaya ciki daban. Akwai wadda man ganyenta yujinol ne ya cika shi, wato sinadarin da ke cikin kanumfari, akwai kuma wadda timol ne babban sinadarinta, kuma wannan ta biyun ana samunta sosai a Afirka ta Yamma. Idan kina da ita a bayan ɗaki, ki tsinko ganye ɗaya ki murza, ki ɗauko robar tayim da 'yan ƙwayoyin kanumfari ki shinshina su bi da bi, hancinki zai gaya maki wacce kika shuka.